Ƙaunar Jini a Gaban Alƙali: Tarken Wata Jimlar Lauyoyi

Gabatarwa

Idan magidanci a Kano ko Kaduna ya yi niyyar mallaka wa ɗansa gida ko fili tun yana raye, ya je wurin lauya domin a rubuta, akwai wata jimla da ba kasafai ake rasa ta a takardar ba. A gurbin da ake rubuta kuɗin ciniki, sai lauyan ya rubuta da Turanci cewa an yi kyautar ne saboda so da ƙauna irin na halitta da mai bayarwa yake yi wa wanda aka ba. Mai gida ya sa hannu, shaidu su sa nasu, kowa ya kama gabansa. Ba a tsayawa a tambayi ma'anar jimlar, domin a ido magana ce da ba ta da abin musu. Wa zai yi jayayya da cewa uba yana son ɗansa?

Sai dai jimlar tana ɗauke da da'awa guda biyu. Ta farko ita ce ƙauna tana biyo jini kamar yadda kamanni suke biyo shi. Ta biyu kuwa ita ce, tun da an halicci mutum da wannan ƙauna, ambatonta kaɗai ya isa hujjar fitar da dukiya daga hannu zuwa hannu. Ranar da mai gida ya kwanta dama, wannan takarda ita za a shimfiɗa gaban alƙali, ga kuma 'ya'yan ɗaya ɗakin a tsaye, waɗanda su ma jininsa ne amma ba a rubuta musu komai ba. Wannan maƙala za ta bi sawun jimlar a kotunan da suka haife ta, sannan ta auna da'awowinta da ma'aunin harshe da falsafa da fiƙihu.

Inda Jimlar ta Fito

Jimlar baƙuwa ce, ta shigo ƙasar nan cikin kayan dokar Ingila da Turawan mulkin mallaka suka zo da ita. A waccan doka akwai wata tsohuwar ƙa'ida: kotu ba ta tilasta cika alkawari sai an ba da wani abu a madadinsa, wato ba ni gishiri in ba ka manda. Wanda ya ce zai ba ka doki, kai kuwa ba ka ba shi komai ba, idan ya fasa ba ka da ƙara, sai fa in an rubuta alkawarin a takarda mai hatimi. To, tambayar da ta dami alƙalan Ingila tun ƙarni na 16 ita ce ko ƙaunar dangi za ta iya tsayawa a matsayin mandar.

A shekarar 1565, a shari'ar da aka sani da Sharington da Strotton, an kawo batun wani mai filaye, Andrew Baynton, wanda ya rubuta alkawarin cewa filayensa za su koma hannun 'yan'uwansa maza, domin dukiyar ta zauna a gidansu da kuma ƙaunar da yake yi musu. Kotu ta karɓi wannan dalili. Amma a shekarar 1600 wata kotun ta bayyana cewa ƙaunar jini ita kaɗai ba ta isa ta ɗaure mutum da alkawarin biyan kuɗi ba. Ke nan ƙaunar da ta isa ta tsare gonakin manyan gida a hannun zuriyarsu, ita ce kuma ta gaza a kan alkawarin yau da kullum. Abin da kotun farko ta kare, idan aka duba da kyau, ɗorewar ƙasa ne a hannun masu ɗauke da sunan gida, ƙauna kuwa riga ce da aka sa wa manufar.

Bayan shekaru fiye da 300, a 1919, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta saurari shari'ar Balfour. Miji ma'aikacin gwamnati ne a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau. Matarsa ta zauna a Ingila saboda rashin lafiya, ya yi mata alkawarin fam 30 duk wata, daga baya zama ya lalace ya daina aikowa. Kotu ta ce irin wannan alkawari na cikin gida ba hurumin shari'a ba ne. Mai shari'a Atkin ya nuna cewa abin da ma'aurata ke musaya a tsakaninsu ƙauna ce, ita kuwa ba ta da wani nauyi a ma'aunin kotu. Matar ta tashi a tutar babu a wannan ƙara, kuma dalilin faɗuwarta shi ne an ɗauka ƙauna ce ta haifi alkawarin.

Gwajin da Aka Yi a Indiya

A Indiya ne aka ɗauki jimlar aka sa ta cikin rubutacciyar doka. Sashe na 25 na Dokar Yarjejeniya ta 1872 ya ce alkawarin da babu madadi a cikinsa ɓatacce ne, sai idan an rubuta shi, an yi masa rajista, kuma an yi shi ne saboda ƙaunar jini tsakanin makusanta. Da wannan sai alƙali ya wayi gari da aikin da ba a koya masa ba, wato leƙa zuciya.

Shari'u biyu da suka zo kusa da juna sun nuna inda gizo ke saƙa. A 1899, a Bombay, an yi shari'ar Bhiwa da Shivaram, wasu 'yan'uwa biyu da suka yi rigima kan fili. Ɗaya ya kai ƙara ya faɗi, sai wanda ya yi nasara ya rubuta masa alkawarin rabin dukiyar, daga baya ya nemi ya zame. Kotu ta ce alkawarin ya ɗaure shi, domin neman sulhu da ɗan'uwa alama ce ta ƙauna. Shekara guda bayan haka, a 1900, Babbar Kotun Kalkata ta saurari ƙarar Rajlukhy Dabee a kan mijinta. Mijin ya rubuta mata alkawarin kuɗin ciyarwa da wurin zama na daban, an yi rajista, amma takardar ta ambaci saɓanin da ya raba su. Kotu ta ce kusancin dangantaka ba ya nufin lalle akwai ƙauna, kuma babu alamarta a wannan takarda, don haka matar ta rasa.

Duka takardun biyu rigima ce ta haife su. A ɗaya alƙali ya hango ƙauna a bayan rigimar, a ɗaya kuma rigimar ta tsare masa gani. Abin lura shi ne, da magatakardan mijin ya yi shiru kan saɓanin, ya rubuta jimlar nan kamar yadda aka saba, da aikin lauyan matar ya yi sauƙi ƙwarai. Dokar da take saka wa mai ɓoye gaskiya, ta kuma hukunta wanda ya faɗe ta, akwai gyara a ma'auninta. Duk da haka kotun Kalkata ta faɗi abu ɗaya mai daraja, wanda ya rushe da'awar farko tun daga tushe: ana iya samun kusanci babu ƙauna.

Shaidar Harshe

Harsuna da yawa sun ɗaure ƙauna da haihuwa a igiya ɗaya. A Larabci, kalmar rahim mai nufin mahaifa da zumunta, da kalmar rahama, saiwarsu ɗaya. A Turanci ma kalmar kin, dangi, da kalmar kind, mai kirki, asalinsu ɗaya, kamar dai ana cewa kirki shi ne ka ɗauki mutum yadda kake ɗaukar naka. Girkawa suna da kalma ta musamman, storge, domin son da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya. Kishiyar wannan kalma ta zo a wasiƙun Bulus cikin jerin munanan halaye, kuma masu fassarar Baibul ta zamanin Sarki James a 1611 sun fassara ta da rashin ƙauna irin ta halitta, abin da ya ƙara kafa lafazin a bakin masu jin Turanci.

Wanda ya tsaya a nan zai ce harshe ya goyi bayan lauya. Amma Hausa tana da shaidar da ta fi waɗannan kaifi. Bahaushe ya ɗauki kalmar ɗan'uwa ya shimfiɗa ta ta rufe duk wanda ake ƙauna, har a ce 'yan'uwa Musulmi, 'yan'uwa 'yan Nijeriya. Ya kuma ɗauki kalmar ɗan uba ya fitar da 'yan ubanci daga cikinta, wato gasa da ƙyashi da jiran faɗuwar wani. Ga shi kuwa masana kimiyyar gado sun tabbatar da cewa wanda kuka haɗa uwa kaɗai da wanda kuka haɗa uba kaɗai, rabonku da kowannensu a ƙwayoyin halitta kusan ɗaya ne, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Jini ɗaya, amma harshe ya ba wannan sunan ƙauna, ya ba wancan sunan kishi. Abin da ya raba su shi ne ɗaki: bayan da aka goya su, nonon da suka sha, tukunyar da aka zuba musu, da kuma zaman kishin da suka tarar tsakanin iyayensu mata.

Haka kuma al'adar alkunya tana nuna cewa ko yadda ake bayyana ƙauna koyonsa ake yi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko goggo ce ke riƙonsa. Baƙon da ya zo da ma'aunin kotun Kalkata zai rantse babu ƙauna a nan, alhali kowa a gidan ya san inda zuciyarta take. Karin maganar da ke cewa zumunta a ƙafa take ta taƙaita matsayin harshen: dangantaka aba ce da ake takawa a je, in an daina zuwa ta yi tsatsa.

Mahangar Masana Falsafa

Masana falsafar Stowa na ƙasar Girka, waɗanda Larabawa ke kira Riwaƙiyyun, su ne suka fi ɗaukaka ƙaunar jini. Kamar yadda Sisero na Rum ya ruwaito ra'ayinsu a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), son da iyaye ke yi wa 'ya'yansu shi ne mafarin zaman tare na 'yan Adam. Daga shi ake faɗaɗawa zuwa dangi, zuwa 'yan gari, har a kai ga kowane mutum. Sai dai su kansu ba su yarda cewa duk abin da uba ya ji a ransa daidai ne ba.

Epiktetus, wanda ya taso a bawa kafin ya zama malamin wannan mazhaba, ya taɓa tattaunawa da wani ma'aikacin hukuma a kan haka, kamar yadda almajirinsa Ariyan ya rubuta. Mutumin ya ce 'yarsa ta yi ciwo mai tsanani, ya kasa jure ganinta, sai ya gudu daga gidan har sai da aka aiko masa cewa ta sami sauƙi. Ya kare kansa da cewa haka halittar uba take. Epiktetus ya tambaye shi ko uwar yarinyar tana sonta, ya ce ƙwarai. Mai renonta fa? Ita ma haka. To, in gudu shi ne alamar so, ashe ya kamata su ma su gudu, a bar yarinyar ta mutu a hannun waɗanda ba su damu da ita ba. Darasin a fili yake: abin da mutumin ya kira ƙauna tausayin kansa ne, kuma kalmar halitta mafaka ce ya samu.

A ɗaya gefen akwai waɗanda suka nemi a ture ƙaunar jini gaba ɗaya. William Godwin na Ingila, a littafinsa kan adalcin siyasa na 1793, ya kawo misalin gobara da ta rutsa da babban malamin Faransa Fenelon tare da mai yi masa hidima, kuma mutum ɗaya kawai za a iya ceto. A ganinsa malamin ya kamata a ceta saboda amfaninsa ga duniya, ko da mai hidimar uwar mai ceton ce. Mutane sun ƙyamaci wannan ra'ayi, shi kansa Godwin ya sassauta daga baya ya amince da muhimmancin shaƙuwar iyali. Da gaskiyar masu ƙyamar, domin wanda zai iya barin uwarsa a wuta saboda lissafi, da wuya a amince masa da uwar wani.

Ibn Khaldun ne ya tsaya a tsakiya. A Muƙaddimarsa ta 1377 ya yarda cewa jin zafin abin da ya taɓa ɗan'uwa ɗabi'a ce a cikin mutane, in ban da 'yan kaɗan, kuma daga nan haɗin kan ƙabila yake tasowa. Amma ya ƙara da cewa nasaba a kan kanta abu ne na zato, amfaninta yana cikin cuɗanya da taimakon juna da take haifarwa. Shi ya sa a wurinsa bararren bawa da abokin ƙawance suke iya shiga cikin wannan haɗin kai. Wannan bayani ya yi daidai da abin da Hausa ta riga ta nuna a ɗan'uwa da ɗan uba. Jini iri ne da aka ba kowa, amma sai an yi noma ake girbi.

Yadda Fiƙihu Ya Ɗauke Ta

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa suke bi, ba su nemi leƙa zuciyar kowa ba. Sun ɗauka cewa ƙaunar jini tana nan kuma tana da ƙarfi, sai suka duba inda ƙarfin zai amfani mai rauni suka sake mata linzami, inda kuma zai cuci wani suka ja shi. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, zai ga wannan tsari a babi bayan babi.

Wajen reno an dogara da ita. Idan aure ya mutu, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, in uwar ta rasu ko ta yi wani aure haƙƙin ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan inna. Wajen ciyarwa kuwa ba a bar ta ita kaɗai ba: an wajabta wa mutum ciyar da ƙananan 'ya'yansa da iyayensa matalauta, ko yana jin son su ko ba ya ji. Wajen shaida an tuhume ta, domin ba a karɓar shaidar uba domin amfanin ɗansa, ko ta ɗa domin iyayensa, ko ta miji da mata domin junansu. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ma ta umarci muminai da tsayar da shaidar gaskiya ko da a kan kansu ne ko iyaye da makusanta. Wajen wasiyya an toshe mata hanya, tun da ba a yi wa magaji wasiyya. Shari'a ta kuma yarda cewa aiki yana ƙulla dangantaka, domin shayarwa tana haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa, ko da yake ba ta kawo gado.

A kan kyauta, wadda ita ce batunmu, an kafa sharuɗɗan da jimlar lauya ba ta san da su ba. Kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, in mai bayarwa ya rasu kafin haka ta koma gado. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi, amma ban da gidan da shi uban yake zaune a ciki. An kuma karhanta mutum ya ba wasu daga cikin 'ya'yansa dukiyarsa duka. Tushen wannan shi ne labarin Nu'umanu ɗan Bashir da Buhari da Muslim suka ruwaito. Mahaifinsa ya yi masa kyauta, mahaifiyarsa Amra 'yar Rawaha ta nemi a kafa Annabi (SAW) shaida. Annabi (SAW) ya tambaya ko an yi wa sauran 'ya'yan irin wannan, da aka ce a'a sai ya ƙi yin shaidar, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya, Bashir ya janye kyautar. Malaman Hambaliyya sun ɗauki daidaitawar a matsayin wajibi, mafi yawan sauran malamai kuma suka ce fifitawar makaruhi ce. Babu wanda ya yi shakkar cewa Bashir yana son Nu'umanu, kuma ba a kan son aka yi masa tambaya ba. Tambayar da aka yi masa a kan waɗanda ba su zo wurin ba ce.

Kammalawa

Idan aka tattara shaidun nan, da'awar farko ta jimlar rabin gaskiya ce. Akwai wani abu da aka dasa a zuciyar mahaifi game da abin da ya haifa, kuma duk tsarin da ya yi watsi da shi, irin na Godwin, ba zai zauna da mutane ba. Amma kotun Kalkata da Ibn Khaldun da harshen Hausa sun haɗu a kan cewa jini ba ya lamunce ƙauna. Da'awa ta biyu kuwa ba ta tsaya ba sam. In har ƙaunar ta halitta ce saboda jini, to duk 'ya'yan mutum suna da rabo a cikinta daidai wa daida, don haka ba za ta zama hujjar ba ɗaya a hana tara ba. In kuwa abin da ya sa aka fifita ɗayan wani dalili ne daban, kamar hidimar da ya yi, ko lalurar da take tare da shi, ko matsayin uwarsa a zuciyar mai gida, to wannan dalili shi ya kamata a rubuta, domin a san ko zai iya tsayawa a gaban mutane.

Illar jimlar ita ce tana ba fifiko suna mai daɗi, ta sa mai gida ya sa hannu ransa a kwance, rigimar kuma ta jira 'ya'yansa a ranar rabon gado. Gidaje nawa ne zumuncinsu ya yanke a harabar kotu saboda takarda guda da aka rubuta da sunan ƙauna? Lauyan da magidanci ya zo wa da irin wannan buƙata yana da abin yi kafin ya ɗauko tsohon samfurinsa. Ya tambaye shi 'ya'ya nawa gare shi, maza da mata, a ɗaki nawa, me aka ba kowannensu, kuma wa zai karɓi gidan a hannunsa tun yanzu. In amsoshin sun yi kyau, takardar za ta tsaya ko babu jimlar. In ba su yi ba, gara mai gida ya ji haka daga bakin lauyansa yau, tun yana da ikon gyarawa.